Guduma a Ƙarƙashin Kumbo

Tare muka shiga makarantar mishan da shi, benci ɗaya, kwalbar tawada ɗaya. A lokacin, ƙararrawar makaranta guntun ƙarfen titin jirgi ce da aka rataye a reshen bishiya, kuma shi ke buga ta. Wata safiya ya je ya gaya wa hedimasta cewa ƙarfen ya tsage ta ciki, don muryarsa ta canja. Aka yi masa bulala uku saboda iyayi. Kwana tara bayan haka ƙarfen ya rabe biyu. Ni na ƙirga kwanakin, shi ya sa ban manta ba.

Da muka gama makaranta ya shiga aikin jirgin ƙasa. Shekara talatin da huɗu yana bin gefen taragai da doguwar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙafafun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyar ƙafa takan amsa da doguwar ƙara, mai tsaga kuwa sai ta ce "kwab" ta yi shiru. A nan sunansa na yanka ya ɓace, kowa ya koma kiransa Guduma, har matarsa, Allah ya jiƙanta. Ko kofin shayi ba ya kai shi baki sai ya ɗan buga shi da farce.

Bayan ritaya zaman gida ya gagare shi. Da aka gina gidan tarihin binciken sararin samaniya, ya samu aikin tsaron babban zaure, aka ba shi shuɗiyar riga mai maɓalli shida. Kullum da labarin da yake kawo mini: rigar 'yan sama jannati da ke tsaye cikin gilashi ba kowa a cikinta, abincinsu da ake matsowa kamar man goge baki, hoton wata da ya cinye bango guda. Amma abin alfaharin gidan shi ne wani kumbo da aka ƙera don nuni, nauyinsa ya kai na ƙaramar mota, aka rataye shi a rufin zauren da sandunan ƙarfe huɗu.

Saura kwana uku a buɗe gidan, ma'aikata suka tafi cin abincin rana suka bar tsaninsu. Guduma ya hau da 'yar gudumar da ba ta rabuwa da aljihunsa. Sanda uku suka amsa masa. Ta huɗu, wadda ke wajen taga, ta ce "kwab."

Da ya sauko ne ya lura da alamun alli a ƙasa, daidai ƙarƙashin kumbon. Nan aka tsara 'yan firamare ashirin da huɗu za su tsaya su rera waƙar maraba, don hoto ya fi kyau a wurin. Jikarsa tana cikinsu.

Ya samu injiniyan ginin ya gaya masa.

"Baba, wa ya ce ka hau can?" in ji injiniya.

"Ranka ya daɗe, zo ka saurara da kunnenka. Minti biyu."

"An gwada, an sa hannu, takarda tana ofis. Mutane na zuwa wata, kai kana nan da gudumar zamanin jirgin gawayi!"

Shugabar gidan ba ta yi masa dariya ba, amma ba ta ɗago kai daga jerin sunayen baƙi ba. "Za mu duba bayan buki, Baba. Ka je bakin aikinka."

A gida ya gwada jikar tasa. "Amaryata, ranar nan ki zauna ki yi mini hira mana."

"Kai tsohon nan, baƙin ciki kake yi za a nuna ni a talabijin! Ni ce fa a tsakiya. Ka nemi wata amaryar."

Da yamma ya zo wurina, ya zauna, bai taɓa shayin da na zuba masa ba. "In na tsare tawa," ya ce, "sauran ashirin da ukun fa? Su ba su da kakanni?"

Na tambaye shi ko ya tabbata. Shekarunmu sun ja, kunne ma yana tsufa.

"Ban san ranar da za ta karye ba," ya ce. "Muryar dai na san ta."

Ranar buki na isa ƙarfe tara da rabi, da katin gayyatar da ya samo mini. Goma saura kwata, a gaban idona, Guduma ya kwaso sandunan jar igiyar da ake tare mutane da ita, ya kewaye alamun allin kaf. Ya ɗauko kujerarsa ya dasa a tsakiya, ya zauna, guduma a gwiwa.

Malamar yara ta iso da su a layi, fararen safa, kai a taje. "Baba, nan ne wurinmu."

"An canja, Malama. Ku koma wajen rigar nan ta cikin gilashi."

Shugaba ta taho da sauri, tana murmushi saboda masu ɗaukar hoto, tana magana ta cikin haƙora. "Ka tashi yanzu, ko ka tashi daga aikin."

"Na ji, ranki ya daɗe. Bayan waƙa."

Motocin manyan baƙi sun riga sun tsaya a ƙofa. Ba wanda zai ja dattijo a ƙasa a gaban kyamara. Yaran suka yi waƙarsu can gefe, jikarsa tana harararsa daga farko har ƙarshe. Da aka kunna lasifika aka ɗauki tafi, na ɗaga kai. Tagogi a rufe suke, ba iska, amma kumbon yana ɗan juyawa a hankali. Wani farin gari ya sauko daga rufin ya zauna a kafaɗar shuɗiyar rigarsa. Bai kalli sama ba, bai kuma kakkaɓe ba.

Ƙarfe huɗu ya mayar da rigar, a ninke, maɓalli shida cif. Jikarsa ta yi mako guda ba ta gaishe shi ba.

Yau mako bakwai ke nan. Kumbon yana nan a rataye, kuma an ce masu dubawa za su zo wata mai zuwa. Jar igiyar ma tana nan. Ba wanda ya ba da umarnin a bar ta, ba kuma wanda ya yarda ya zama shi ne ya cire. Kowace Talata nakan je in zagaya ta gefen bango, sannan in bi ta gidansa.

"Igiyar na nan?" shi ne gaisuwarsa.

"Tana nan."

Abin da ban gaya masa ba tukuna shi ne maganar mai sharar zauren. Ta ce kowace safiya tana kwashe farin garin nan, kamar cikin cokali, da dogon tsintsiya daga bayan igiya. A wannan makon, in ji ta, ya fara zuwa da tsakuwa.