Malam Sahabi da Lambar da Ta Rabu a Fakku

Ina cikin alwalar la'asar ranar Talata jikana ya miƙo mini waya. A'isha ce daga Tambuwal, 'yar Malam Sahabi ta fari. Ko gaisuwa ba ta iya yi ba. "Baba, abokinka ya cika," iyakar abin da ta ce ke nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye buta, na daɗe zaune ban wanke ƙafar hagu ba.

Tare muka koyar a wata sakandare a Tambuwal, farkon Jihar Sakkwato, lokacin da man fetur yake tashe. Shi lissafi, ni Hausa. Abokanmu suna ta ajiye alli suna bin kwangila, shi kuwa ya duƙufa farautar wata irin lamba wadda ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kanta, kamar bakwai ko goma sha uku. Ya raɗa mata suna ƙi-rabo. Ƙanana ba su dame shi ba. Babba yake so, wadda sai ka ja numfashi kafin ka gama karanta ta.

Aikin ya fi ƙarfin mutum guda, domin sai an gwada raba lambar da ƙananan lambobi bila adadin kafin a tabbatar. Sai ya yayyanka aikin kamar naman watanda, ya rarraba wa masu sa kai: malaman firamare, wani tela a Sanyinna, har da malaman zaure masu rabon gado, waɗanda hannunsu ya faɗa da rabawa. Ba a biyan kowa. Ni ban iya lissafi ba, babur ɗina aka ɗauka aiki, sai aka haɗa da ni. Kullum ina yi masa tsiya, ina cewa mutane na neman rabo, shi yana neman mai ƙin sa. Sai ya yi murmushi ya miƙo mini kason Kebbe in kai. Yakan ce, "Wanda yac ce bai samu ba, in dai da gaskiya yad duba, ya yi muna aiki."

Akwai wata lamba da muka yi rani da damina a kanta. Kowane kaso ya dawo da amsa ɗaya: ba ta rabu ba. Saura na Malam Haliru, dattijo mai rabon gado a Fakku. Gari ya ɗauka, har wani ɗan kasuwa ya ba da rago don walima. Masu yi mana dariya kuma sun zuba ido. Na san idan wannan ta rushe, jama'ar za ta watse, Malam Sahabi ya zama abin nuni a Tambuwal. Na matsa masa a sanar, tunda kaso ɗaya ne kawai ya rage. Ya ƙi. Na yi fushi sosai, na ce taurin kansa ya fi na lambar.

Da shiru ya yi yawa muka hau babur, muka ratsa laka har Fakku. Malam Haliru ya shimfiɗa mana buzu, ya sa aka kawo fura, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwan bana, ya sake tambayar iyali. Malam Sahabi ya bari ya gama.

"Allah shi gafarta Malam, mi ya hana ka aiko?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Kunyarka nika ji, Malam. Tun kafin shuka lambar ta rabu ga hannuna. Na sake, ta sake rabuwa. Nij ji an ɗaure rago, nik kasa faɗi."

Kara ce ta sa shi ɓoye abin da aka aike shi nema. Malam Sahabi ya karɓi allon da dattijon ya yi aikin a kai, ya bi lissafin da kansa. Da ya kai ƙarshe ya kama hannun dattijon da hannu biyu.

"Kai kaɗai ka samu abin da munka fita nema. Da ka yi shiru, da ƙarya munka ci ma rago."

An yi walimar ranar da aka sa. Malam Haliru aka zaunar a tsakiya, shi aka fara miƙa wa nama. A nan Malam Sahabi ya rubuta sabuwar lamba, ya ce wa ke son kaso. Ban ga wanda ya tashi hannu wofi ba, har da biyu daga masu dariyar.

Haka ya ci gaba har tsufa. Da kwamfuta ta zo, tsoffin ɗalibansa suka riƙa barin nasu a kunne suna lissafin, shi yana raba musu kaso ta waya, yana kuma kiran duk wanda ya yi shiru ya tambaye shi ko kunya ce. Zuwana na ƙarshe yana kwance, na ce, "Malam, har yanzu ba ka gaji ba?" Ya ce, "Komi na gwada yana rabuwa, Malam. Mu ma hakanan. Ɗaya ɗai ba a rabuwa da Shi."

Ga shi mun rabu, kuma rabuwar ta yi mini ciwo ƙwarai. Allah Ya jiƙan Malam Sahabi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba uwargidansa Hajiya da A'isha da ƙannenta haƙurin wannan rashi. Ya sada mu da shi a Aljanna Firdausi, gidan da ba a rabuwa. Amin.