Darasin Ganga a Shekarar Ambaliya

A shekarar da kogi ya cinye gonakin shinkafa har zuwa Kirikasamma, ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a Haɗeja. Azuzuwanmu duk an ba waɗanda ruwa ya kora, mu kuma muka koma gindin dalbejiya. Hayaƙin girki na shigar mana ido, kukan jarirai na danne muryata.

Jarrabawar fita ta matso, ga shi ba mu taɓa batun ganga ba, wato sassan da ake gina jimla da su. Na fara yi musu bayani da Hausa: akwai ganga tsayayya, mai cika ma'ana ita kaɗai, akwai dogarau, wadda sai ta jingina da wata. Na ce a nahawun Turanci kowacce suna biyu gare ta. Tsayayyar akan ce mata babba, dogarau kuwa ta ƙasa.

Akwai wata doguwar yarinya, 'yar masunta, da ta fi kowa ƙoƙari. Iyayenta na cikin masu zama a ajinmu. Na ce ta kawo misali. Ta miƙe ta faɗa da Turanci tsaf, ma'anarsa: saboda ruwa ya rushe gidanmu, za mu tashi.

"Madalla. Wacce ce babbar?"

"Za mu tashi."

"Daidai."

Ba ta zauna ba. "Malama, ai rushewar gidan ce babbar magana. Wa ya mai da ita ta ƙasa?"

Na ce nahawu ba ya auna nauyin magana, wadda za ta iya tsayuwa kawai yake dubawa. Ta ce to, ta zauna tana wasa da bakin hijabinta.

Ni duk na ɗauka misali ne. Ranar Litinin babu ita. Na leƙa ajin, na tarar da wasu mutane daban a kusurwar da iyayenta suka shimfiɗa tabarma. Wata tsohuwa mai tankaɗe ta ɗago kai.

"'Yar nan, sun bi dangin uban can wajen Tafkin Chadi. Ɗalibar taki ta so ta yi miki sallama, motar ce ba ta jira ba."

Aka yi jarrabawa ba ita. Duk ranar kasuwa nakan tambayi masu kawo bandar kifi daga gabas. Wani ya ce kamar ya san uban, wani ya girgiza kai. Har na bar makarantar ban haɗu da wanda ya gan ta ba.