Tsagar da wuta ta yi

Ban taɓa mantawa da ranar da jandarmomi suka kawo mini gawar Illa, wani manomi daga wajen Barmu, ba. Shekaru kaɗan ne bayan samun 'yancin kai, ina sabon likita a Tawa. Ga waɗanda ba su san aikin ba: idan mutuwa ta zo da shakku, hukuma kan umarci likita a rubuce ya duba gawa, kuma da rahotonsa alƙali yake aiki.

Illa ya ƙone a bukkar gonarsa, inda yake gadin damman hatsi. An tsare wani makiyayi, Agali, domin an ji su suna cacar baki kan shanun da suka shiga gonar. Dangin mamacin na bakin ƙofa, suna roƙon a ba su gawa kafin la'asar. Na ga hannuwa a dunƙule kamar na mai kare kansa, fatar cinya a tsage, ƙoƙon kai a fashe. Na rubuta cewa an sare shi kafin wuta ta tashi, na sa hannu.

Bayan mako guda na bi ta wajen Hajjo, tsohuwar da ke babbakar kai da ƙafafu a bayan mahauta. Ina tsaye ƙafar rago ta lanƙwashe cikin wuta, fatar kai ta tsage tamkar an sa wuƙa. Na tambaye ta wanda ya tsaga.

"Ɗana, wuta ita ka yin hakanga. In ta yi yawa, har ƙashi hwashewa shikai."

Nan take na tuna da gawar Illa. Ban buɗe maƙogwaron Illa ba, alhali an koya mana cewa baƙin hayaƙi a ciki ke nuna mutum yana numfashi lokacin gobara. Ga shi an riga an binne shi.

Na rubuta wa alƙali cewa rahotona ba shi da tushe, aka saki Agali. Amma dangin Illa da takardar farko suka yarda. Dole Agali ya kwashe iyalinsa ya yi arewa, ya bar rijiyar da kakansa ya haƙa. Kafin ya tafi ya same ni a ofis.

"Likita, takardun nan biyu, hannu guda ya rubuta su?"

Na ce hannu guda ne. Ya gyara rawaninsa, ya fita.

Har yau ban san yadda Illa ya mutu ba. Abin da nake gaya wa matasan likitoci shi ne: rubuta "ban sani ba" yana cikin aikinmu, domin mutane ba sa sake karanta takarda ta biyu.