Na Yaye Rufin Ɗakina da Kuɗin da Ba Su Shigo Hannuna Ba

Ni mace ce 'yar shekara arba'in da 'yan kai. A Tsaskiya aka haife ni, aure ya kawo ni wani ƙauye kusa da Karare a ƙasar Batsari. Lokacin da abin nan ya faru shekarata huɗu da rasa mijina, ina riƙe da 'ya'ya biyar da sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba zan yi wa kaina kwaskwarima ba, ni mace ce mai zargi. Idan maƙwabciya ta yaba zanena sai in wuni ina neman abin da take nufi. Mutuwar miji kuwa ta ƙara wa halin nawa gishiri, don na sha ganin yadda dangin miji ke lallaɓowa da fara'a su cinye gadon marayu. Na sa wa raina ni ba za a yi mini haka ba.

Abin da marigayi ya bar mana gida ne na ƙasa, ɗaki biyu a jere masu rufin soro, sai wani ɗan ƙarami a gefe inda nake suya. Da hannunsa ya buga tubalin ɗakunan nan, ina ɗebo masa ruwa da tsohon ciki. Amma gara ta ci azarar rufin, kowace damina sai mun jera kwanoni da robobi a tsakar ɗaki, yaɓe kuma ya daina yi masa magani. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da ƙanin mijina, manomi ne, ya girme wa babban ɗana nesa ba kusa ba. Tun ina amarya akwai wasan nan na matar wa da ƙanin miji tsakaninmu. Ba ya wuce ƙofata bai leƙo ya kira ni amaryarsa ba, ya ce ƙuli-ƙulina zai zubar masa da haƙora, yana faɗa yana cika aljihu. Ni kuma in ce masa mijin da ba ya cefane ba shi da bakin kushe girki. Bayan rasuwar yayansa ma bai fasa ba, kuma sau da yawa wannan tsokanar ce kaɗai dariyar da nake yi a wuni.

Wata mai sayen maina a Batsari ce ta ba ni labarin wani ƙaramin banki da ke ba da rance a kan gida. Ba irin wanda za a damƙa maka kuɗi gaba ɗaya ba ne. Za su zo su yi wa gidanka kuɗi, su riƙe takardarsa, su ce ga iyakar abin da za ka iya karɓa. Kai kuma ka riƙa zuwa kana ɗiba daidai buƙatarka, kuma abin da ka ɗiba kaɗai ne zai riƙa hawa. Na ji abin ya kwanta mini, ko da yake zuciyata ba ta so maganar kuɗin ruwa ba, kuma na san in aka ji na jinginar da gidan marayu bakin mutane ba zai bar ni ba. Don haka na yi komai a ɓoye. Na je wurin mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida, na haɗa shi da girman Allah kada ya faɗa wa kowa, musamman ƙanin mijina. Babban ɗana da ke koyon aiki a Katsina shi ma ya zo ya sa hannu ya koma. Takardun da Turanci suke, shafi da yawa. Na dangwala yatsa ban ce a fassara mini ba, don kada ma'aikacin bankin ya raina ni.

Da bazara ta kama na fara aiki. Na ɗibi kashi na farko na sayi katako da ƙusa, na biya magini ya ɗan ɗaga bango, na ba kafinta kafin alƙalami. Kwanon rufi, wanda shi ne mai tsadar, na bar shi sai ƙarshe, wai ni mai wayo, kada kuɗinsa su fara hawa tun yana jingine a tsakar gida. Kafintan ya ce mini shi a saninsa ba a yaye soro sai kwano yana ƙasa ana kallonsa. Na dube shi na ce a raina, wannan akwai la'adarsa a wurin mai sayar da kwano, shi ya sa yake gaggawa. Na ce masa kuɗina suna nan a ajiye, yini ɗaya ne in je in dawo da su. Aka yaye rufin ɗakunan biyu, aka sauke ƙasa da ruɓaɓɓiyar azara, muka kwashe kaya muka cushe a ɗan ɗakin suya. Ƙanin mijina ya leƙo ya ce ashe amaryarsa ta tono tukunyar kuɗi ba ta gaya masa ba. Na ce masa adashi na ɗauka.

Ranar kasuwa na hau babur na tafi Batsari karɓo kuɗin kwano. Ina sauka a bakin titi sai na hango ƙanin mijina yana fitowa daga ƙofar bankin, kansa a sunkuye, yana gyara hula. Bai gan ni ba, ni kuma na laɓe bayan wata rumfa har ya wuce. Sannan na shiga. Ma'aikacin ya duba sunana, ya miƙo mini wata takarda, ya ce an dakatar da ɗibar kuɗi a kan gidana. Ya ce umarni ne daga sama, saboda matsalar tsaro mutane na barin ƙauyukan yankinmu, gidaje sun faɗi, in ma an sa su a kasuwa babu mai tayawa. Ya nuna mini wani layi a cikin takardun da na dangwala wa yatsa, inda aka ce suna da ikon tsayarwa duk ranar da suka ga darajar gida ta sauka. Abin da na riga na ɗiba zan ci gaba da biya, takardar gida kuma tana hannunsu har in gama. Na ce masa ɗakuna a buɗe suke, damina na bakin ƙofa, kuma ban taɓa saɓa ranar biya ba. Ya ce ya sani, ya ba ni haƙuri, ya ce ba ni kaɗai ba ce.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ban yarda da ita ba. Na san kowane gida a ƙauyenmu, na san wanda ya sayar da akuya da wanda ya ci bashin gero, ban taɓa jin wani ya kai takardar gidansa banki ba. Na ce irin maganar da ake sallamar talaka da ita ce. A kan babur ina dawowa na gama haɗa labarina tsaf. Mai unguwa ya tsegunta wa ƙanin mijina, shi kuma ya je ya ce gidan marayu ne, ba ni da ikon jinginarwa. So yake ɗakunan su zube, in rasa yadda zan yi, in sayar masa da filin a arha ya haɗe da gidansa. Ai ruwa ba ya tsami banza. Har tsokanar shekara ashirin na juya ta, na ce ashe duk lallaɓa ce.

Kwana biyu ƙanin mijina ya ga aiki ya tsaya, sai ya shigo ba da wasa ba. Ya ce ya ga kafinta ya daina zuwa, ga shi hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ya ce akwai tsofaffin kwanuka a kan rumfar shanunsa, tunda ɓarayi sun kore shanun bara rumfar ta yi masa yawa, zai cire ya kawo a lulluɓe kan bangon kafin in shirya. Bai jira amsata ba, da la'asar ya turo su a amalanke ya jingine mini a ƙofar gida. Na tsaya ina kallon kwanukan nan ina cewa biri ya yi kama da mutum. Duk wanda ya ɗora kwanonsa a kan gida ai ya samu bakin magana a cikinsa, gobe sai ya ce da dukiyarsa aka rufa. Na sa aka mayar masa da su tun kafin ya kai ƙofarsa, na aika masa cewa marayun yayansa ba su kai ga sadaka ba tukuna.

Kwana goma sha ɗaya na yi daga nan, kuma kunyar faɗar yadda na kashe su nake ji. Maimakon neman abin rufi, hujja nake nema. Na riƙa bugun cikin matarsa a bakin rijiya, na tambayi ɗan acaɓan da ya kai shi Batsari sau nawa ya kai shi, na daina gaida mai unguwa. Na sake komawa banki na matsa wa ma'aikacin ya faɗa mini wanda ya kawo sara, ya rantse babu, na ce an toshe masa baki. Abin da na iya yi wa ɗakunan shi ne na sayi leda na shimfiɗa a kan bangon na danne da duwatsu.

Ruwan farko ya zo da rana tsaka, da iska mai ƙarfi. Ledar nan ko minti biyar ba ta yi ba iska ta yi gaba da ita. Muna tsaye a ƙofar ɗakin suya ni da yara muna kallon ruwa yana shiga bangon ta sama, jar ƙasa tana gangarowa kamar kunu. Aka kwana biyu ana yi. A rana ta biyu bangon tsakiya ya tsage ya zauna, ya ja na gaba, katakon da na saya da kuɗin rance ya bi su. Ɗakin da na haifi 'ya'yana biyar ya koma tudun laka. Shi ma ɗakin suyar ya fara yoyo a kanmu. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da gawar mijina.

Da ruwa ya ɗauke ban tsaya komai ba, na zari mayafi na nufi zauren mai unguwa, na ce a kira mini ƙanin mijina. Zauren a cike yake da masu jajen ɓarnar ruwa. Da ya zo, a gabansu na zazzage komai, na ce ya je banki ya yi mini zagon ƙasa don ya gaji filin marayu, na gan shi da idona. Bai katse ni ba har na gama. Sai ya cire hularsa, ya zaro wata takarda a ninke daga cikinta, ya shimfiɗa a kan tabarma. Ba sai an karanta mini ba, na gane tambarin, irin tawa ce sak. Ya ce shi ma ya jinginar da gidansa don ya mayar da shanun huɗa, ya sayi ɗaya, ranar da na gan shi kuɗin na biyun ya je karɓa aka ba shi wannan. Ya ce ko matarsa ba ta sani ba sai yau da na sa ya faɗa a gaban jama'a. Ya ce bai ma san ina da hulɗa da bankin ba, shi dai ya ga ɗakin yayansa a buɗe ne. Mai unguwa ya girgiza kai ya ce ba mu biyu kaɗai ya sa wa hannu ba a garin, kowa ya zo sai ya haɗa shi da Allah ya rufa masa asiri, kuma da na zo na tambaye shi da ya ce mini in yarda da maganar ma'aikacin. Na ga wasu dattawa biyu sun sunkuyar da kai. Na nemi ƙasa ta tsage in shige ban samu ba.

Washegari da safe ƙanin mijina ya zo da mutum uku da kwanukan nan da na mayar masa, suka rufe mana ɗakin suya. A cikinsa muke har yau, mu biyar, ina biyan bashin katakon da ya karairaye a cikin laka. Na je har gida na durƙusa na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na san ya yafe ɗin.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka daga labarina shi ne, kuɗin da aka ce maka naka ne amma suna aljihun wani, ba naka ba ne. Wanda ya buɗe maka ƙofa don gidanka na da daraja zai iya rufe ta ranar da ya ga darajar ta sauka, ko da ba ka yi laifin komai ba. Kada ka sa hannu a abin da ba a karanta maka da harshenka ba, kada kuma ka yaye rufi sai kwano yana ƙasa. Amma ni ba bankin ne ya rusa mini ɗaki ba, abin rufi ya zo har ƙofata a amalanke, zargi ya sa na kore shi. 'Yan'uwana mata masu riƙe da marayu, tsare musu dukiya wajibi ne, sai dai ku tambaya kafin ku yanke hukunci. Ƙanin mijina yana nan, kullum sai ya zo duba yara. Yana tsayawa daga bakin ƙofa ya yi sallama, ya gaishe ni da ladabi, Yaya yake ce mini yanzu. Idan zai tafi ya ɗauki ƙuli-ƙuli, sai ya ajiye kuɗinsa a kan faifai.