Ni da ƙafar kaza a Guangzhou

'Yan ajinmu, mafarkin da na yi daren jiya ya fi ƙarfin kaina, ku kawo ɗauki.

Kun san Gwaggo Rabi, ƙanwar babanmu mai saro jakunkuna daga Sin. Ta ce hutun nan za ta tafi da ɗaya daga cikinmu, ko ni ko Yaya Hafsa, kuma yau za ta zo ta faɗi suna. Kun kuma san matsayina a gida: ni ce auta, in aka yanka kaza ƙafa ce rabona. Ƙafafun da na ci a rayuwata, da za su tashi, sai sun cika filin makarantarmu.

To, a mafarkin mu uku, ni da Yaya da Gwaggo, muka hau adaidaita a ƙofar gida. Muna shan kwanar mai shayi sai kawai ga mu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, cikin wani ɗakin cin abinci da ba a hango ƙarshensa. Wata tsohuwa tana tura keke cike da ƙananan kwandunan gora, tururi na tashi. Fuskar malamar lissafinmu ce da ita, amma tana murmushi, abin da ya kamata ya nuna mini mafarki nake.

Gwaggo ta tambaya, “Halal ne dai ko?” Wata murya daga silin ta ce, “Ci abinki, Hajiya.”

Aka fara buɗe kwanduna. Dim sum suke kiran abincin. Akwai wani ƙulli mai fata shara-shara, kana hango jatan lande a ciki yana kwance kamar jariri. Yaya Hafsa ta kai masa tsinken cin abinci, ya sulluɓe, ya yi tsalle ya bar ƙasar gaba ɗaya.

Sai kawai tsakiyar teburin ta fara juyawa. Kwando ɗaya ya zo gabana ya tsaya cak. Na ɗaga murfi: ƙafar kaza! Jajawur, ta sha miya, ta kumbura kamar ta dawo daga biki. Ashe a can abincin manya ne.

Yaya ta ɗauki ɗaya ta gatsa kamar cinya, ƙashi ya ce ƙaras. Gwaggo ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na gyara zama. Na sa yatsan kazar ɗaya a baki, na murza, na fito da ƙasusuwa fes, na jera su a gefen faranti. Jama'a, ko injin ɗinki bai kai bakina sauri ba. Mutanen ɗakin suka shiga ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, ƙarar kamar ruwan sama a kan kwano. Tsohuwar ta rusuna mini. Malamar lissafi fa!

Daga nan kayan zaƙi suka yi ta zuwa, ni kaɗai ake ajiye wa: mangwaro cikin madara mai sanyi da wasu 'yan ƙwallaye kamar idon kifi, madarar citta da ta daskare tana rawa a cokali, da kunun baƙin riɗi. Na yi dariya da baƙaƙen haƙora, aka tafa.

Sai Gwaggo ta miƙe ta ce, “Wadda za ta raka ni ita ce...” Ta jefa wani ƙwallon shinkafa mai danƙo a baki, ya liƙe mata. Na ce, “Gwaggo, haɗiye mana!” Ita dai sai tauna take ta yi.

Na farka da bakin hijabina a baki, na tsotse shi sharkaf.

Na ba Yaya labari, ta ce, “Ke auta, mai ƙafa a ƙasa yake tafiya. Ni da nake cin fiffike ni ce ta jirgi.”

Ga kuma abin da ya ƙara rikita ni. Umma ta sa an yanka kaza saboda Gwaggo, kuma ta ce yau na girma, cinya za a ba ni. Cinyar da nake jira tun ina rarrafe! Masu fassara, me mafarkin nan yake nufi? In karɓi cinyata, ko in ce a bar mini ƙafata a gaban Gwaggo? Ku yi sauri, an riga an ɗora tukunya.