Na Gane Shi Daga Kafaɗarsa

Edita, ina yi maka sallama da kai da masu karatu. Ni dattijo ne, ina zaune a wani gari tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Karatuna bai wuce elemantare ba, masinja na yi a sashen aikin gona har na yi ritaya, saboda haka a yi haƙuri da rubutuna. A lokacin da abin nan ya faru, tinƙahona a duniya guda ɗaya ne: na san mutane. Shekarun da na yi ina kai takardu ƙauye-ƙauye a kan keke sun sa da wuya a sami gidan da ban sha ruwansa ba. In za a yi binciken aure, wurina ake zuwa. Yaro zai wuce in ce wannan jikan wane ne, uwarsa 'yar Kafur ce, kakansa ya yi dukanci, sai a yi ta mamaki, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura. Mai ɗakina takan ce wata rana bakin nan nawa zai jawo mana abin kunya, in ce mata ita dai ta ji da tukunyarta.

A wata damina 'yan bindiga suka matsa mana. Mutum na tsakiyar noman masararsa za a zo a tasa shi gaba, gonakin nesa duk ciyawa ta cinye su. Da abin ya ishi samarin garin, sai suka fito da safe suka taka daga bakin kasuwa zuwa sakatariya, riƙe da kwalaye, suna cewa a ba su tsaro su yi noma. Ina zaune a rumfar mai shayi suka wuce. Wallahi ko tsakuwa babu wanda ya jefa. Na dai ga wasu mutane a tsaye a bayan wata mota suna ta ɗaukar su hoto da waya, ban kawo komai a raina ba.

Bayan kwana uku, na dawo daga sallar Azahar, sai ga mutum biyu cikin farin kaya a ƙofar gidana. Suka durƙusa har ƙasa suka gaishe ni, Baba kaza Baba kaza. Suka ce su 'yan sanda ne, manya sun ji koken yaran, ana so a kira waɗanda suka fito a zauna da su a kafa kwamitin tsaro, amma ba a san sunayensu ba, kuma duk wanda suka tambaya sai ya ce a zo wurina. Na ce su bari in yi shawara tukuna. Sai ƙaramin cikinsu ya yi dariya ya ce wa abokinsa su tashi kawai, an dai zuzuta tsohon ne, idon da ya kai waɗannan shekarun ina zai gane mutum a gilashin waya. Maganar nan ita ta kashe ni. Na ce masa tun ubansa bai yi kaciya ba nake gane mutane, ya jira ni. Da ƙafata na shiga gida na ɗauko tabarau.

Ɗaya na tura hoto, ina faɗi, ɗaya na rubutawa. Suna, sunan uba, unguwa. Kowanne kuma sai su tambaye ni a ina yake aiki, ni ko sau ɗaya ban tambayi kaina me ya haɗa kwamitin tsaro da wurin aikin mutum ba. Can suka zo kan wani hoto, mutum ya naɗe fuskarsa da rawani, ya kuma ba da baya. Ƙaramin ya wuce shi da sauri, ya ce wannan kam ko aljani ba zai gane shi ba. Jama'a, su da kansu sun haƙura da shi. Ni na ce a dawo da hoton. Na duba, na ga kafaɗar hagu ta ɗan sauka ƙasa, yadda ta marigayi aminina take tun muna yara muna kiwon awaki. Na buga cinya na ce wannan ɗan wane ne, shi ke awo a kamfanin gurzar auduga, ni ne ma na sa hannu na tsaya masa aka ɗauke shi. Suka tafa mini, suka ce lallai Baba ya cika Baba. Ranar har abinci na ƙara don daɗi.

Ba a kira kowa zama ba. Ba a kuma kama kowa ba, kuma nan muguntar take, don da kamu aka yi da an je kotu an yi magana. Bi suka riƙa yi wurin aikin yaran ɗaya bayan ɗaya, su ajiye mota a bakin ƙofa, su gaya wa mai wurin cewa yaronsa na cikin waɗanda ake sa wa ido. Kafin a cire masara, malamin makarantar kuɗi ya rasa ajinsa, direba an karɓe makullin mota, mai gadi an ce ya huta. Ɗan aminina kuwa manaja ya ce masa aikinsa ba shi da aibu, amma kamfani ba ya son motar 'yan sanda a ƙofarsa. Ya nemi aiki a Funtuwa, can ma da suka bugo waya tsohon wurinsa sai magana ta mutu. Yana da mata da 'ya'ya uku, ga tsohuwarsa a ɗaki.

Wurina ya fara zuwa. Ya zauna a zaurena ya ce Baba, tunda ni na san kowa, in taya shi gano wanda ya kai sunansa, domin ya rufe fuskarsa ruf, sai wanda ya san shi tun yana yaro ne zai gane shi. Ya ce ɗan baffansa yake zargi, don sun taɓa samun saɓani kan iyakar gona. Ya ɗaga hannu ya ce Allah Ya tona asirin ko wane ne. Ni kuma, da furfurata, na shafa na ce amin.

Na je ofishin 'yan sanda neman mutanen nan biyu. Ɗan sandan da na tarar a kan kanta ya ce bai san su ba, ya ce Baba in koma gida in huta, ko so nake a ƙara da sunana. Har yau in na tuna sai takaici ya kama ni. Mutanen da aka yi wata da watanni ana roƙo su gano inda ake ɓoye manomanmu a daji suka ce abin da wuya, su ne cikin kwana uku suka gano gidan kowane yaro da ya ɗaga kwali. Wane laifi yaran suka yi? Cewa suka yi a bar su su yi noma. Masu wuraren aikin ma ban wanke su ba, ko ɗaya bai tsaya ya tambayi takardar laifi ba.

Fiye da shekara ina ɗauke da abin nan, 'yan'uwa biyu ba sa ga maciji saboda ni. Ranar wata kasuwar Bakori na hango ɗan aminina yana dakon buhun masara, a kan kafaɗar nan dai. Na ja shi gefe na gaya masa komai. Ya sauke buhun. Sannan ya ce shi 'yan sanda ya ɓoye wa fuskarsa, bai taɓa tunanin sai ya ɓoye wa aminin ubansa bayansa ba. Ya ce nasa haƙƙin ya yafe saboda wanda ke kabari, amma in je da bakina in wanke ɗan baffansa, sauran yaran kuma ba shi da ikon yafe mini nasu. Ya ce in ɗan matsa, mai kaya na jiransa.

Na je na wanke ɗan baffan. Sauran ina bin su gida-gida, wasu sun saurare ni, wasu sun bar ni a tsaye a waje, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da na koya shi ne, sanin da na yi wa mutane amana ce suka ba ni tare da ruwan gidajensu, ni kuma na sayar da ita don a tafa mini. Ina kira ga 'yan'uwana dattawa da masu unguwanni, duk wanda ya zo ya durƙusa muku da hoto a waya, ku tambaye shi me zai yi da sunan kafin ku buɗe baki, in ya tambayi wurin aikin yaro ku tashi ku ba shi wuri. Ni dai yanzu ko binciken aure aka zo, cewa nake idona ya mutu. Ɗan aminina yana gaishe ni in mun haɗu, amma bai sake taka zaurena ba, kuma duk ranar kasuwa daga nesa nake gane shi, don kafaɗar ta ƙara sauka.