Tsohuwar Da Za Ta Je Ganin Giwa

A tashar Maigatari nake jiran mota ta cika, sai ga wata tsohuwar akori-kura mai lambar Nijar ta tsaya gaban mai faci. Wadda ke fitowa daga mazaunin direba ta haura saba'in. Gajera ce, lulluɓe da mayafi ruwan toka, tabaranta mai kauri kamar gindin kwalba. A bayan motar akwai tanti a naɗe, da tabarma, da jarkar ruwa, da kurfoti. Tana tafiya tana dafa jikin motar. Daga yadda take ɗaga yatsa in za ta yi magana, ina zaton ta daɗe tana koyarwa.

Malam Siddiq mai faci yana durƙushe gaban tayar motarta ya tambaye ta, "Hajiya, ina aka nufa da wannan kaya?"

"Yankari. Kwana uku zan yi a daji."

"Ke kaɗai?"

"Wa zan jira? Likita a Damagaram ya ce idanuna ba za su kai baɗi ba. 'Ya'ya tara na haifa, duk na aurar, amma ban taɓa ganin giwa ba. Da na faɗa musu, da sun ɓoye makullin motar."

Malam Siddiq ya saki baki. "Hajiya, kina ganin hanya kuwa?"

"Manyan motoci dai ina ganinsu."

Da ya gama gyaran tayar ta shiga, tana laluben ramin makulli da yatsa har ta same shi. Salati ya ɓarke a tashar, 'yan acaɓa suna janye baburansu gefe. Ta ɗauki hanyar Gumel a hankali, goshinta kusan manne da gilashi.